AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Mutane na ƙaruwa, gona na tsukewa a ƙasar Minjibir

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sana'ar hatsi daga ƙasar Minjibir ta Jihar Kano, ya aiko mana da takarda yana cewa: "Don Allah ku yi mini bayani. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau mu goma sha ɗaya ne a kanta. Samarinmu sun tafi birni, ga kuma dillalai suna ta zarya suna taya gonakinmu don a yanka fuloti. Wasu na cewa haihuwa ce ta yi yawa, wasu na cewa laifin hukuma ne. Mene ne gaskiyar magana? Kuma ni in sayar da rabona ko in riƙe?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah ya saka da alheri. Tambayarka guda ce, amma igiya uku ce aka tufka wuri ɗaya, watau yawan jama'a, da bunƙasar birni, da kuma yadda ake tafiyar da mulki. Bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

YAWAN JAMA'A

Da farko dai abin da idonka ya gani gaskiya ne, mutane sun ƙaru ƙwarai. A ƙidayar 1963 an ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 55 da 'yan kai. A ta 1991 aka sami kusan miliyan 89, a ta 2006 kuwa miliyan 140. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an haura miliyan 220. Jihar Kano ita kaɗai, bayan an cire Jigawa daga cikinta a 1991, tana da mutum miliyan 5.8, amma kafin 2006 sun kai miliyan 9.4. Ka ga cikin shekara 15 an sami ƙarin mutum sama da miliyan uku da rabi. Ƙa'idar lissafi ita ce, idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a kowace shekara, to cikin shekara 24 ko ƙasa da haka za su ninka.

Me ya kawo haka? Mutane da yawa suna zaton haihuwa ce ta fi ta da yawa. Iyayenmu da kakanninmu ma sun haihu sosai, sai dai yara da yawa ba sa kai wa ga girma. Agana da ƙyanda da tarin shiƙa da yunwa sukan ɗebe su tun suna goye. Da allurar rigakafi ta zo, da asibitoci da ruwan burtsatse, sai mace-macen yara suka ragu. Agana ma ɗungurungum, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga doron ƙasa. Saboda haka yawan da kake gani a gidanku, wani ɓangarensa rahama ce, yaran da a da ake binnewa su ne yau suke neman gona. Haka labarin yake a galibin ƙasashe masu tasowa, daga Nijar har Pakistan.

To amma fa ita gona ba ta haihuwa. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Minjibir tana da mutum sama da 200,000, a ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 400 da 'yan kai ba. Idan ka raba, mutum wajen 500 ke nan a kowane murabba'in kilomita, watau kamar rabin eka ga kowane rai, kuma a ciki har da gidaje da hanyoyi da maƙabartu da ruwan dam ɗin Wasai. Wannan lissafin 2006 ne, yau abin ya fi haka matsi.

Ka duba kuma yadda gado ke yanka gona. Mu ce mutum ya rasu, bayan an fitar da rabon matansa aka sami eka 12, ga 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu. Kowane namiji zai tashi da eka 2, kowace mace eka 1. Shi mai eka 2 ɗin in ya bar 'ya'ya kamar yadda mahaifinsa ya bari, jikan namiji zai sami sulusin eka kacal. A jere biyu, gandu ya koma gayauna.

ABIN DA YA RIƘE ƘASAR KANO

A nan ne nake so ka saurara da kyau, Malam. Cunkoson jama'a a ƙauyukan da ke kewaye da Kano ba yau ya fara ba. Wani Bature masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Ya tarar kusan duk inda zai nomu ana noma shi kowace damina, babu barin saura. A lissafin masana da yawa na wancan lokaci, irin wannan ƙasa ya kamata ta gaji ta mutu. Ya ci gaba da bibiya har shekarun 1990, sai ya ga ƙasar tana nan da ranta, itatuwan gona ma suna nan.

Sirrin kuwa ku kuka fi kowa saninsa. Manomin Kano yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Yana tara harawa da kara ya ciyar da tumaki da awaki a turke, su kuma su ba shi taki ya mayar gona. Ba ya sare gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka barkatai, sai dai ya yi musu sassabe. Da rani jakuna su kai itace birni, su komo da mangalar shara da toka a zuba a gona. Bugu da ƙari, kowane gida da sana'arsa ta rani. Minjibir ta yi suna wajen saƙa, wasu ƙira, wasu fatauci, wasu ci-rani. Watau yawan hannu shi ya raya ƙasar, birni kuma shi ne kasuwa.

Shi Mortimore ɗin da abokan aikinsa sun ga irin haka a gundumar Machakos ta ƙasar Kenya, inda jama'a suka ninka kusan sau biyar daga 1930 zuwa 1990, amma zaizayar ƙasa ta ragu saboda an sami hannayen da za su yi shinge da kunya a jikin tuddai, ga kuma kasuwar Nairobi a kusa. Saboda haka yawan mutane shi kaɗai ba ya kashe ƙasa. Abin da ake dubawa shi ne ko mutanen suna da abin yi, da kasuwa, da tabbacin cewa gonar da suka gyara tasu ce.

BIRNI YA TASO

Yanzu mu juya ga birni. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta kamar mutum 30,000. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka jawo ma'aikata. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun koro dubban mutane daga karkara da ƙasar Nijar. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, watau Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, sun haɗa mutum wajen miliyan 2.8. Ungogo kuwa maƙwabciyarku ce, ɗan majalisar wakilai ɗaya ma kuke zaɓa tare. Shi ya sa dillalai suka iso ƙofar gidanku.

A da birni yana sayen abin da gona ta haifa, yanzu kuwa gonar kanta yake saye. Wanda ya je Dorayi ko Rijiyar Zaki ko Kurna zai ga unguwanni cunkus a inda dattawa suka san gonakin dawa. Yawancinsu awon igiya ne, an yanka ba a bar wurin makaranta ko magudanar ruwa ba. Shara ma ta sauya, wadda a da toka ce da kashin dabbobi, yau leda ta cika ta. Kogin Jakara kuma yana kwaso ƙazantar gari da ruwan masana'antu ya zuba a dam ɗin Wasai, inda mutanenku ke kamun kifi da noman rani.

Su kuma samarin da suka tafi, sun tarar masana'antu da yawa sun rufe tun daga shekarun 1980 da 1990, saboda tsadar kayan aiki da rashin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha. Abin da ya rage wa mai zuwa hannu rabbana shi ne dako, ga-ruwa, tura baro, leburanci, ko tuƙin A Daidaita Sahu, tunda an hana acaɓa a cikin birnin a 2013. Ana samun na abinci, har a aiko gida, kuma wannan kuɗi yana sayen taki da iri. Amma taron samari marasa aikin yi abin tsoro ne ga kowane gari. Dattawa ba su manta da rikicin Maitatsine na Disamba 1980 ba, wanda hukuma ta ce mutum sama da 4,000 sun hallaka a cikinsa. Har ila yau daga cikin irin waɗannan samari ne 'yan siyasa ke ɗibar 'yan jagaliya lokacin zaɓe.

INA SIYASA TA SHIGO?

Ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ƙidaya. A Nijeriya yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya da kujerun majalisa, don haka duk ƙidaya sai ta zama rigima. An soke ta 1962 aka sake a 1963, ita ma Firimiyan Jihar Gabas Michael Okpara ya ƙi amincewa da ita. Ta 1973 Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. Ta 2006 Jihar Legas ta ce an tauye ta. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. A ƙauye ma akwai tsohon tsoro, domin a da ƙirga kai na nufin haraji, ƙirga shanu na nufin jangali, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979. Illar ita ce, hukumar da ba ta san yawan yaran gari ba, yaya za ta san aji nawa za ta gina, ko ungozoma nawa za ta ɗauka?

Ƙofa ta biyu ita ce dokar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa kuma take aiki har yau, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke iko da shi, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya. In hukuma ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar amfanin gona da itatuwa da gini. Saboda haka manomin da birni ya matso shi yakan ji tsoro, ya ce gara ya sayar da araha tun kafin a karɓe. Dillalai sun san wannan tsoro, kuma da shi suke karya farashi.

SHAWARA

To Malam, gona taka ce, kai ka san nauyin da ke kanka. Amma tunda ka nemi shawara, ga abin da za mu ce. Kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓarsa, kuma a zamanin da darajar Naira ke zubewa, kuɗin da aka ajiye kamar ƙanƙara ne a rana. Gona kusa da gari mai miliyoyin bakuna kuwa kullum daraja take ƙarawa. In matsi ya kai maƙura, ka fara duba jingina ko haya, ko ka yanki gefe ka sayar ka bar sauran. In kuma za ka sayar duka, kada kuɗin ya kwana sai ka san inda za shi, ko wata gonar a inda ƙasa ke da sauƙi, ko jarin sana'ar da ka riga ka iya. Kada ya tafi a biki da sabon babur.

Ku 'yan gado goma sha ɗaya, ku zauna da dattawa ku duba ko za ku bar gonar a haɗe, wasu su noma, a riƙa fitar wa sauran rabonsu a kaka. Ku sa mai unguwa da dagaci da maƙwabta su shaida iyakokinku a rubuce, ku nemi takarda a ƙaramar hukuma. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.

Ƙaramar gona kuma tana son abin da ke da tsada a kasuwa. Kiwon turke na raguna, da kaji, da kayan miya, da wake mai saurin nuna, sun fi dacewa da mai rabin eka. Cibiyar binciken noma ta IITA tana da gonar gwaji a nan ƙasar Minjibir, inda aka daɗe ana aikin inganta irin wake, sai ka tambayi malamin gona na yankinku irin da ya dace da ƙasarku. Yaron da za shi birni kuma, ya tafi da karatu ko sana'a a hannu.

Batun haihuwa kuwa magana ce tsakanin miji da mata, da shawarar malamai da ma'aikatan lafiya. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ba da tazara tsakanin haihuwa na kare lafiyar uwa da ɗa, kuma iyayenmu ma sun san haka, shi ya sa ake gudun kwanika.

Daga ƙarshe, in an zo ƙidaya ka tsaya a ƙirga ka da iyalinka duka. In masu neman ƙuri'a sun zo, a tambaye su maganar taki, da hanya, da makaranta, da diyyar gonaki, da ruwan Jakara, kafin a karɓi sabulu da taliya.