Hukuncin Sokratis: Shin Falsafa Tana Gaba da Addini?

Sau da yawa idan aka ambaci falsafa, wasu ɗalibai kan ɗauka cewa ilmi ne na waɗanda ba ruwansu da addini. Wannan ɗan rubutu zai duba rayuwar Sokratis, malamin Aflatun, domin mu ga ko haka abin yake a tsohuwar Girka.

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), an gurfanar da Sokratis gaban kotu a birnin Atina, yana da kimanin shekara 70. An tuhume shi da ƙin yarda da allolin birnin, da shigo da sababbin ababen bauta, da kuma lalata tarbiyyar matasa.

Sokratis bai rubuta littafi ba, amma Aflatun ya ruwaito yadda ya kare kansa. Ya ce abokinsa Kairefon ya taɓa zuwa wurin bautar Apollo a Delfi, ya tambaya ko akwai wanda ya fi Sokratis hikima, aka amsa masa da babu. Domin ya gane manufar wannan amsa, sai Sokratis ya shiga yi wa 'yan siyasa da mawaƙa da masu sana'a tambayoyi. Ya gano cewa abin da ya fi su kawai shi ne ba ya da'awar sanin abin da bai sani ba. Saboda haka a ganinsa, binciken nan hidima ce ga Apollo.

Haka kuma ya ce tun yana yaro wata murya kan zo masa, wadda ya kira "daimonion". Ba ta taɓa sa shi aikata wani abu ba, sai dai ta hana shi. A nan ɗalibin harshe zai yi hattara, domin daga tushen wannan kalma Turawa suka samo kalmarsu ta shaiɗan, alhali a zamanin Sokratis tana nufin abin da ya danganci alloli. Mai fassarar da ya ce "shaiɗan" ya juya ma'anar ke nan.

Kotu ta yanke masa hukuncin shan guba. A ranarsa ta ƙarshe ya tattauna da almajiransa kan cewa rai ba ya mutuwa, sannan ya bar wasiyya a biya bashin zakara ga Askilipiyos, allan warkarwa na Girkawa.

A taƙaice, mutumin da aka kashe bisa zargin rashin imani ya mutu ne yana ganin cewa daina tambaya saɓa wa abin bautarsa ne.