Yadda 'Ya'yan Shukar Agabe Ke Tsira Daga Hunturun Ƙasashen Sanyi

1.0 Gabatarwa

Agabe tsiro ne mai kaurin ganye da ƙaya, wanda a ido ya yi kama da kabar giwa, ko da yake ba danginsu ɗaya ba. Asalinsa nahiyar Amurka ne, musamman ƙasar Meziko, kamar yadda Howard Scott Gentry ya bayyana a babban littafinsa na 1982. Daga cikin ire-irensa akwai sisal, wanda ake noma a Tanzaniya da Kenya domin saƙar igiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba sanyi kaɗai ke hallaka ƙananan tsiron agabe a fili ba, haɗuwar sanyin da danshi ita ce babbar illa.

2.0 Bambancin Iri

Sisal ba ya jure daskarewa. Amma *Agave parryi* na tsaunukan Arizona da New Mexico, da *Agave utahensis* na Utah da Nevada, da *Agave havardiana* na yammacin Texas, duk sun saba da ƙanƙara. Babban *parryi* yakan jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, matuƙar ƙasar da yake ciki a bushe take. Sharaɗin ke nan da manomin lambu a Ingila ko Jamus yakan rasa, domin hunturunsu na ruwa ne.

3.0 Abin da Ke Kashe Ƙaramin Tsiro

Dalili na farko shi ne ƙanƙantar jiki. Babban agabe yakan tara ɗumin rana a cikin ganyensa, ya riƙa sakinsa sannu a hankali cikin dare. Ƙaramin kuwa nan da nan yake hucewa, ga shi kuma dab da ƙasa, inda sanyi ya fi tsanani a daren da babu gajimare.

Na biyu, idan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar ganye ya daskare, ƙanƙarar takan janyo ruwan da ke cikinsu har su motse su lalace. Tsiron da sanyi ya zo masa a hankali yakan tara sukari a jikinsa, wanda ke rage wannan ɓarna. Wanda aka yi ta ba ruwa da taki har ƙarshen kaka kuwa, sanyi yakan tarar da shi ɗanye sharaf, bai shirya ba.

Na uku, jiƙaƙƙiyar ƙasa takan kumbura idan ta daskare, ta saki idan ta narke. Wannan kai-da-komo yakan tumɓuke gajeren saiwar tsiron. Haka nan ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganye yakan jawo ruɓa, sau da yawa ba a ganewa sai bayan hunturu ya wuce.

4.0 Hanyoyin Kariya

Ya kamata a reni tsiron a wuri mai rufi da haske hunturunsa na farko, ko ma na biyu, sa'an nan a dasa shi a fili bayan sanyi ya kau, domin ya kafa saiwa kafin wani ya zagayo. A yi masa tudu na tsakuwa da yashi, a guji laka. A zaɓi gindin bango mai fuskantar kudu. A daina ban-ruwa tun farkon kaka. A ɗora masa rumfar gilashi mai tare ruwan sama, amma a bar gefenta a buɗe iska ta riƙa ratsawa, domin rufin da ya toshe iska danshi yake tarawa.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa jurewar da ake yaba wa babban agabe ba ta tabbata ga ɗansa sai ya yi ƙwari. Mai shukar ba shi da iko a kan sanyi, amma yana da iko a kan ruwa, kuma a nan ne tsiran tsiron ya rataya.