Sitiyarin wasan tseren mota: Abin da ya kamata ɗan Dogondutsi ya sani kafin a aiko masa da shi

Tseren mota ba baƙon Nijar ba ne. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya shirya, ta tashi daga Paris a Disambar 1978, ta ratsa Agadas da Yamai kafin ta isa Dakar a Janairun 1979. A 2000 kuwa, daga Yamai aka kwashi motocin gasar a jirgin sama zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. Tun 2020 a Saudiyya ake yin ta.

Yau matashin Dogondutsi ko Tibiri da ke sha'awar wannan tuƙi, a allo zai same shi, a wasanni irin su Dakar Desert Rally da Gran Turismo 7, waɗanda duka suka fito a 2022. Wanda ya girma yana kallon manyan motoci na wucewa a hanyar RN1 kuma, akwai Euro Truck Simulator 2 a kwamfuta. Duk ana iya buga su da hannun PlayStation, amma daɗinsu sai da sitiyari da abin takawa na ƙafa. Nan ne kuɗi ke salwanta.

Kuskuren farko tun wurin saye ne, galibi daga ɗan'uwa da ke Faransa ko Amurka mai son yi wa ƙaninsa tsaraba. Logitech G29, wanda ya fito a 2015, na PlayStation ne da kwamfuta. G920, mai kama da shi kamar an tsaga kara, na Xbox ne da kwamfuta. Idan aka aiko da G920 gidan da PS4 ke ciki, sai dai a yi ado da shi. A kuma karanta rubutun jikin adaftar wuta, domin lantarkin Amurka 120 ne, na Nijar 220. Sandar giya daban ake sayar da ita.

Da zarar an jona G29, zai juya da kansa har ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ya dawo tsakiya. Ba aljanu ba ne, auna kansa yake yi, kuma wanda ya riƙe shi a lokacin zai iya wuni yana tuƙi da sitiyari a karkace. A samansa akwai ɗan makunni mai PS3 da PS4. Mai PS5 ya bar shi a PS4.

Sai yawan juyawa. Sitiyarin na juya digiri 900, wato zagaye biyu da rabi. Wannan ya dace da motar gida da tirela. A tseren daji, inda kwana ke zuwa babu sallama, direbobi da yawa kan rage shi zuwa kusan 540, na Formula 1 kuma wajen 360. A kwamfuta, adadin da aka sa a manhajar G HUB dole ya zo ɗaya da na cikin wasan. Gwajin mai sauƙi ne: a juya sitiyarin hannu rubu'in zagaye, a duba ko na cikin allo ya juya daidai haka.

Inda sabon shiga ya fi ruɗuwa shi ne ƙarfin da sitiyarin ke mayarwa hannu. A cikinsa akwai ƙananan injuna biyu da ke ja da girgiza, su sanar da direba cewa tayar gaba ta fara sulɓewa ko ta hau tsakuwa. Matashi kan cika shi ɗari bisa ɗari don ya ji mazantaka. Amma injin na da iyaka, kuma idan ya kai maƙura, ƙaramin rami da babban karo nauyi ɗaya za su zo wa hannu, labarin hanyar ya ɓace. Gara a fara daga rabi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har sitiyarin ya yi nauyi a kwana, amma ana jin lokacin da ya saki. Ragewar na kuma sauƙaƙa wa injin zafi, abin da ba wasa ba ne a ɗakin kwano a watan Afrilu.

Birki ya fi totur muhimmanci. Na G29 na da roba a ciki da ke sa ya yi tauri wajen ƙarshe, har wasu su ɗauka ya lalace. A shiga saitin wasan, a taka iya ƙarfin da ƙafa za ta iya maimaitawa ba tare da kujera ta ja baya ba, a ce wa wasan nan ne ƙarshen birki. A siminti abin takawar na zamewa, don haka a tokare shi da bango, ko mai walda ya haɗa masa firam tare da kujerar tsohuwar mota daga garejin bakanike.

Akwai wanda wannan wasa ya kai shi filin gaske. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya ci gasar GT Academy a 2011, kuma a 2013 motarsu ta zo ta uku a rukuninta a tseren awa 24 na Le Mans. Sai dai allo ba ya koyar da kauce wa amalanken jaki da magariba, kuma ba ya ba da lasisi.

Babban abokin gabar na'urar a Arewa ƙura ce. Abin da ke auna takun ƙafa a G29 gogayya yake yi a ciki, kuma ƙurar hunturu na shiga ta sa totur ya riƙa tsalle ko birki ya kama shi kaɗai. Idan layin totur na rawa a allon saiti alhali ba a taka ba, a ƙara gurbin da wasan ke yin biris da shi a farkon taku da kashi biyu ko uku. Idan bai daina ba, mai gyaran rediyo zai iya fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ba man inji ba. Bayan wasa a cire shi daga soket saboda dawowar wuta da ƙarfi, a lulluɓe da zane.