Mai rubutun allo da haruffansa masu jingina

Da alli da zare yake farawa. Ya shafa wa zaren alli, yaronsa ya riƙe ɗaya bakin, ya ja ya saki: layi ya fito a jikin allon sambal. Biyu yake bugawa, sama da ƙasa. Sannan ya ja waɗansu layukan a karkace, duk sun jingina dama daidai wa daida, don idan harafi ɗaya ya fi ɗan'uwansa kwanciya, tun daga tsallaken titi ido zai kama shi. Sai bayan haka burushi ke shiga gwangwanin fenti.

Haruffan da ya fi so masu kauri ne, marasa 'yan ƙafafun nan da ake gani a rubutun littafi. Dalilinsa a fili yake. Mai karanta allon shago ba a zaune yake ba, yana kan babur ko cikin Adaidaita Sahu, kallo ɗaya zai yi ya wuce. Siririn layi ƙura da rana za su cinye shi, kauri kuwa yana tsayawa. Jinginar kuma ita ke sa kalma ta zama kamar mai sauri, shi ya sa take dacewa da jikin tirela da fostar fim da rigar 'yan ƙwallo. Ba a cika shafi da irin wannan rubutu. Kalma biyu ko uku yake ɗauka, fiye da haka ya gajiyar da ido.

Salon ya yi doguwar tafiya kafin ya iso bakin kasuwa. A Benis ta Italiya aka fara buga littafi da haruffa masu jingina, a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius. Salon haruffa Futura na Paul Renner ya fito a Jamus a 1927, Helvetica kuma a Suwizalan a 1957. Sunan Nike da ke jikin takalma da riguna daga gidan Futura ya fito, mai kauri, a jingine.

Yau kwamfuta ta karɓe yawancin aikin. Matashi ya buɗe CorelDRAW, ya zaɓi salo, inji ya buga a leda kafin la'asar. Ban ga laifinsa ba, neman halak yake yi. Abin da ke ci mini rai shi ne da yawa daga cikin waɗannan haruffa na ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ko dai inji ya cusa wani siririn harafi baƙo a tsakiyar kalma, ko a sauke lanƙwasar gaba ɗaya, masaukin baƙi ya koma masaukin baki.

Mai burushi bai san wannan matsala ba. Na tsaya ina kallonsa yana rubuta ƊINKI a allon wani tela: ya sauko da sandar harafin a jingine, ya zagaya cikin, sannan ya juya wuyan hannu ya ɗora lanƙwasar a sama, kaurinta daidai da na sauran. Ya ja da baya taku biyar, ya runtse ido ɗaya, ya ce wa yaronsa, "Kai, miƙo min ja."