Ƙaramin farin karen nan mai gashi: abin da ya kamata a sani kafin a ɗauko shi

A shirinmu na wannan mako wani ɗan kasuwa ya bugo waya daga Bawku. Ya ce wani abokin cinikinsa a Kumasi ya ba shi amanar ɗan kwikwiyo fari, mai gashi kamar auduga, ya kai wa wata hajiya. Ya sa shi a kwali a bayan mota tare da kaya. Kafin su wuce Tamale kwikwiyo ya mutu, ga shi yanzu ana neman ya biya. Tambayarsa ita ce: wane irin kare ne wannan da ba ya jure tafiyar yini guda? To, ga bayanin da muka yi, mun rubuta shi domin waɗanda shirin ya wuce su.

Shi wannan kare, sunansa Maltis. Asalinsa yankin Bahar Rum ne, ana danganta sunan da tsibirin Malta. In ya gama girma, nauyinsa kilo 3 zuwa 4 ne kawai, bai kai wani zakaran ba. In ya samu kulawa yakan yi shekara 12 zuwa 15. Tun fil azal ba a yi kiwonsa don farauta ko tsaron garke ba, karen cikin ɗaki ne. Shi ya sa masu kuɗi a Accra, Kumasi da Lome suke sayensa, kuma ku da kuke kan hanya ku ake roƙo ku ɗauko shi.

Halinsa

Yana da son mutane ƙwarai, yana da wasa, kuma yana saurin koyon abin da aka koya masa. Amma ba ya son kaɗaici. In aka kulle shi shi kaɗai tun safe har dare, sai haushi da kuka da yayyaga kaya. Yana da kunne, baƙo ba zai shigo bai yi haushi ba, sai dai iyakarsa ke nan. Ba zai kori ɓarawo ba, balle kura. Ku 'yan'uwa makiyaya, kada wani ya ruɗe ku da cewa karen Turawa ne, ya fi naku. A ruga, shurin saniya ɗaya ya ishe shi, karnukan garke ma za su iya kashe shi a wasa. Yara kuma a ja masu kunne: ƙashinsa siriri ne, faɗowa daga hannu ko daga kan gado tana iya karya masa ƙafa.

Zafi da tafiya

Nan ne mai tambayarmu ya yi asara. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake sanyaya jikinsa. Kun san zafin watan Maris da Afrilu a Yendi da Bawku, rana takan haura digiri 40. Kwali a rufe a bayan mota, ba iska ba ruwa, ai tanda ce. In dole ne ku ɗauko shi, ku sa shi a kwando mai iska a gaban mota, cikin inuwa, ku riƙa tsayawa kuna ba shi ruwa. Tafiyar asuba ko ta dare ta fi. In kun ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na zuba, yana tangaɗi, ku jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa mai sanyi-sanyi, ku nemi likitan dabbobi. Kuma kada ku yarda a ba ku kwikwiyon da bai cika mako 8 a wurin uwarsa ba.

Abinci

Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar yunwa. Kwikwiyo sau 3 ko 4 ake ba shi a yini, babba sau 2. In kwikwiyo ya daɗe bai ci ba, sukarin jininsa yakan faɗi, sai ka gan shi yana rawar jiki, ya kasa tsayawa. A shafa masa zuma kaɗan a dasashi, a garzaya wurin likita. Mutanen Bawku, ku da Allah ya hore wa albasa, ku ji wannan da kyau: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare, kuma mai ƙaramin jiki kaɗan ta ishe shi. Don haka ragowar miyar gida ba abincinsa ba ce. Haka nan cakulan. Dafaffen ƙashin zabo ko na kaza yakan tsage ya soke shi a hanji, a cire masa tsoka kawai.

Gyaran gashi

Gashin nan da ake sha'awa, shi ne aikin. Ba ya zuba sosai, tsawo yake ta yi, in ba a taje shi kullum ba sai ya dunƙule, musamman bayan kunne da hammata. A ƙasarmu ga ƙurar hunturu, ga ƙarangiya, ga kaska da ƙuma masu ɓuya a ƙarƙashin dunƙulen. Mafi sauƙi a rage gashin da almakashi, a bar kamar faɗin yatsa. Kada a yi masa ƙwal-kwabo, fatarsa ba ta jure rana. Wanka sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, da sabulu mai laushi, ban da garin sabulun wanki, a kuma tsane shi sarai. A riƙa goge ƙasan idonsa da tsumma mai tsabta, domin hawaye yakan rina wurin ya yi ja. A duba haƙora da farce, irin waɗannan ƙananan karnuka suna yawan ciwon haƙori. Da damina kada a bar shi kwance a jiƙaƙƙen rairayi, akwai ƙudan da ke sa ƙwai a wurin, tsutsar ta shiga fata.

Gargaɗi ga makiyaya: maganin kaska da kuke wanke shanu da shi, da allurar tsutsa ta shanu, kada a gwada su a kan wannan kare. Awon da aka yi wa bijimi ba na dabbar kilo 3 ba ne. Haka maganin ciwon kai na mutane, yana iya kashe shi.

Haukan kare da takardun iyaka

Wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci, domin rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Ƙanƙantar kare da farin gashinsa ba sa hana shi ɗaukar cutar. Ana yi masa allurar rigakafi in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. Karnukan garke ma a yi masu, domin shanu suna kamuwa in mahaukacin kare ya cije su. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga alama. In alama ta bayyana, magani ya ƙare.

Masu bi ta Kulungugu, Pulimakom ko Tatale, kada ku tsallaka da kare ba tare da katin rigakafinsa da takardar likitan dabbobi ba. Ku fara zuwa ofishin likitocin dabbobi na gundumarku ku ji abin da ake buƙata. In mai kare ya ce ba shi da kati, ku ce masa ya nemi wani direban.

Wasu sun tambaya game da hukuncin ajiye kare a gida. Abin da aka sani shi ne malamai sun yi bayanin izini a kan karen kiwo, na farauta da na gona. Shi wannan ba ya cikin ukun, don haka kowa ya koma ga malaminsa a Salaga, Yendi ko inda yake, kafin ya saya ko ya yi cinikinsa.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda zai karɓi amanar wannan kare, ya san nauyin da ya ɗauka tun kafin mota ta tashi. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da kasuwa.