Lambun Tsakar Gida: Me Za Ki Shafa Wa Katako Don Gara?

 

Wata baiwar Allah daga Kiyawa ta aiko mana da tambaya. Ta ce ta sa an haɗa mata akwatin katako a tsakar gida, ta cika shi da ƙasa da taki, ta shuka alayyafo da yakuwa da tumatir. Damina ɗaya gara ta cinye katakon. Da za a yi sabo, sai kafinta ya ce a shafe shi da baƙin mai. Shi ne take tambaya, babu matsala?

To 'yar'uwa, akwai matsala. Baƙin man da aka juye daga inji ɗauke yake da ɓurɓushin ƙarafa, har da dalma, da sinadaran da kan jawo ciwon daji. Katakon rufin ɗaki daban, na lambu daban. Na rufi yana can sama a bushe. Na lambu kuwa kullum safe da yamma kina kwara masa ruwa, ruwan nan yana wanko abin da aka shafa zuwa cikin ƙasa. Gaskiya ne abin da shuka ke zuƙa ta saiwa ba shi da yawa. Inda haɗarin ya fi shi ne ƙasar kanta: tana fantsama kan ganyen salak da lansir da muke ci ɗanye, tana manne wa karas, sannan ga yaro mai rarrafe ya dafa katako ya damƙi ƙasa ya kai baki. Kin tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400? Can daga duwatsun zinare ta fito, waɗanda ake daka a cikin gidaje, amma hanyar ita ce dai wannan: ƙasar tsakar gida, hannun yaro, bakin yaro. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa.

Na san ba ke ce za ki je layin 'yan katako a Dutse ko kasuwar Shuwarin ba. Maigida ne zai je, ko ki aiki yaro. Saboda haka ki riƙe abubuwan nan, ki faɗa musu tun kafin su fita.

Kada a kawo miki guntun tsohuwar falwayar wuta, mai baƙi-baƙi da warin kwalta. An jiƙa ta da wani mai da ake samu daga kwal, yana ƙona fata, kuma in rana ta yi zafi tsattsafowa yake. Kada a kawo katako mai launin kore-kore, wanda aka dura wa magani tun daga kamfani. Tsohon irin maganin nan akwai gubar asanik a ciki, shi ya sa Amurka ta daina amfani da shi a katakon gidaje da wuraren wasan yara daga ƙarshen 2003. Kada a kawo tsohuwar ƙofa ko taga mai ɓawon fenti, don tsohon fentin mai sau da yawa akwai dalma a cikinsa. In kuwa katakon nan ne da kamfanoni ke ɗora kaya a kai, a duba hatimin jikinsa. In an ga HT, zafi kawai aka ba shi, wannan ya yi. In an ga MB, an turara shi da magani mai guba, a bar musu kayansu.

Haka nan maganin gara na gwangwani irin su Solignum, don rufi da ƙyaure aka yi shi, ba don wurin shuka abinci ba. Balle Gamalin, wanda ƙasashen duniya suka amince a daina sinadarinsa tun 2009, ko fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalba babu ko takarda. Duk maganin da ba a rubuta sunansa da amfaninsa ba, kada ya shigo miki lambu.

Ga kuma wani abu da mu mata ne kawai za mu kula da shi. In kafinta ya gama aiki, guntayen katakon ina suke zuwa? Murhu! To katako mai magani in an ƙona shi, hayaƙin guba ne, tokar ma guba ce. Ke kuma da tokar nan kike goge tukunya, wata ma ta tace ruwanta ta zuba a miya. Don Allah kada ki hura wuta da shi.

To me za a yi wa gara? Mu koma ga dabarar iyayenmu. Me ya sa azarar giginya ke shekara da shekaru a rufin soro? Saboda taurinta, gara ba ta cika iya mata ba. Haka itacen ƙirya da ake sassaƙa turmi da shi. In an rushe tsohon ɗaki a unguwa, guntayen azara sun ishe ki kewaye lambu, ba sai an sare sabuwar bishiya ba.

In katakon kasuwa ne kawai ya samu, a sayo fari wanda ba a shafa wa komai ba. A babbaka gefen da zai taɓa ƙasa har ya yi baƙi, a bar shi ya huce. A shafe shi da man darbejiya, a riƙa maimaitawa bayan kowace damina. Daga ciki ki shimfiɗa leda mai kauri a jikin katakon don danshi kada ya zauna masa, amma ki bar gindin a buɗe ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki sa a ɗora akwatin kan duwatsu, mu da ke Dutse ai ba ma rasa dutse, yadda za ki riƙa ganin hanyar gara da zarar ta fara gini, ki kankare ta. Ba zan ce miki wannan zai hana katako tsufa ba. Wata rana zai lalace a sake wani. Amma katako ana sayen sabo, lafiyar yaro fa?

Kuma ba dole sai katako ba. Bulo, tubali, fasasshiyar randa, buhun da aka zuba hatsi, duk suna riƙe ƙasa. Buhun maganin feshi da jarkarsa ne dai ban da su.

Ke kuma da kika riga kika shafa baƙin mai, kada hankalinki ya tashi. A cire katakon, a kwashe ƙasar da ke jikinsa kamar taki ɗaya, a fitar da ita inda yara da kaji ba sa zuwa, a zubo sabuwa. Ganye kuma a wanke shi sosai, hannun yara ma haka, kafin a zauna cin abinci.

Yau in maigida ya dawo ya ci ya huta, ki kawo masa maganar cikin lalama. Allah ya sa wa lambunmu albarka, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.