Ƙwayoyin Gado Masu Ƙaura a Jikin Kifi da Amfaninsu ga Masu Kiwo

Manufar wannan lacca ita ce bayyana wani sirri na halittar kifi, da kuma nuna yadda ya shafi mai kiwon tarwaɗa ko karfasa a unguwa irin Rafin Guza da ke gefen Kogin Kaduna. Babbar damuwar mai kiwo ita ce iri. Idan ya sayi 'ya'yan kifi marasa nagarta, sai ya yi wata shida yana zuba abinci, kifin bai yi nauyin da zai mayar da kuɗi ba.

Girma da launi da juriya ga cuta duk a rubuce suke cikin ƙwayoyin gado, waɗanda ke jere a kan wani dogon zare cikin kowace ƙwayar jiki. A dā masana sun ɗauka kowace ƙwayar gado tana da mazauni guda wanda ba ta barinsa. Barbara McClintock, wata masaniya a Amurka, ita ce ta rushe wannan zato, bayan ta yi nazarin masara mai dabbare-dabbaren launi a shekarun 1940. Ta gano cewa akwai guntayen da ke tashi daga wani wuri su sauka a wani, kuma idan suka faɗa tsakiyar wata ƙwayar gado sukan hana ta aiki. An ba ta lambar Nobel a 1983.

Jikin kifi cike yake da irin waɗannan guntaye. Alal misali, fiye da rabin zaren gadon kifin zebra, wanda masu bincike ke yawan amfani da shi, guntaye ne masu ƙaura, ko da yake galibinsu sun daɗe da mutuwa. A 1996 masana a Japan suka sami wani rayayye cikin zabiyan kifin medaka, suka sa masa suna Tol2. A 1997 kuma, a Jami'ar Minnesota, Zoltan Ivics da Zsuzsanna Izsvak da Perry Hackett suka harhaɗa matattun guntaye daga dangin kifin salmon, suka tayar da guda, suka kira shi Sleeping Beauty, watau kyakkyawa mai barci.

Yadda ake mora su kuwa shi ne, kowane guntu yana da baki biyu, da wani sinadari wanda ke yanke shi ya dasa shi a sabon wuri. Masana kan cire abin da ke tsakiya, su ɗora ƙwayar gadon da suke so, kamar yadda ake ɗora wa jaki mangala, sa'an nan su yi allurarsa cikin ƙwan kifi. Idan dashen ya kama, 'ya'ya da jikoki za su gāje shi. An jarraba Tol2 a kan karfasar Nilu a 2011, aka kuma yi nasara. Ta wannan hanya ake gane aikin kowace ƙwayar gado, wadda ke sa girma da wadda ke kare jiki daga cuta, kuma wannan sani ne ke taimaka wa masu ƙyanƙyasa wajen zaɓen iyaye nagari.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Guntun ba ya zaɓen inda zai sauka, saboda haka yana iya ɓata ƙwaya mai amfani. Bugu da ƙari, tafkin da ke kusa da kogi ba shi da tsaro ranar ambaliya. Kifin da ya tsere ya haɗu da na kogi ba ya kiruwa. Shi ya sa dokar da ta kafa Hukumar Kula da Amincin Fasahar Halittu ta Ƙasa a 2015 ta wajabta neman izini kafin a saki duk wata halitta da aka sauya wa gado.

A taƙaice, ɗalibi ya san cewa amfanin farko na wannan ilmi a ɗakin bincike yake. Ma'aikacin gwamnati kuwa, a wuyansa yake ya tabbatar cewa abin da zai isa tafkin mai kiwo iri ne da aka tantance.